Muhawara: Shin sabuwar hanyar biyan kuɗi tana rage wa kowa cunkoso?

Alhaji: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu baje ta a faifai, don na gaji da jin ana kushe manyan hanyoyin nan na biyan kuɗi. Ni matsayina ɗaya ne: duk garin da aka gina wa sabuwar babbar hanya mai tolget, kowa ya ci riba, da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Mai hali ya hau sabuwa ya wuce abinsa, ya bar wa marar hali fili a tsohuwa. Mota ɗari idan aka raba su hanya biyu, ai dole kowace hanya ta yi sauƙi. Ga shi kuma gwamnati ba ta taɓa kuɗin asibiti da na makaranta ba, kamfani ne ya zuba jarinsa. Mai ja ya fito da hujja.

Malama: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a yi nisa, sauƙin na tsawon wane lokaci ne? Hanyar da nake bi zuwa aiki, da aka buɗe sabuwa a gefenta, watannin farko tsohuwar ta yi fayau har muna ta hamdala. Yau ga mu nan mun koma gidan jiya, ƙafa a kan birki tun daga gida har ƙofar makaranta.

Alhaji: Malama, ai jama'a ce ta ƙaru. Da ba a gina ba, da yanzu ko motsi ba kwa yi.

Injiniya: Ranka ya daɗe, inda lissafin ya karkace shi ne wurin "mota ɗari" ɗin nan. Motocin ba sa tsayawa a ɗari. Duk hanyar da ta cushe, akwai ɗimbin mutanen da cunkoson ya kora waɗanda ba ka ganinsu a kanta. Akwai mai fita da asuba don ya riga cunkoso. Akwai mai ratsawa ta lungunan unguwa. Akwai wanda ya ajiye motarsa a gida yana hawa bas, da wanda ya haƙura da tafiyar gaba ɗaya saboda ba ta kai wahalarta ba. Ranar da labari ya bazu cewa hanya ta buɗe, duk waɗannan za su dawo, kuma a lokacin da kowa ke so za su dawo, wato safiya da yamma. Wannan na watannin farko ke nan. Bayan 'yan shekaru kuma sai a fara gina gidaje da rumbunan ajiyar kaya a can nesa da gari, tun da yanzu nesa ta zo kusa, kowane gida da motarsa.

Ba sabon zance ba ne. Tun 1962 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Anthony Downs, ya rubuta cewa a manyan hanyoyin birni, cunkoson safiya da yamma yakan hau har sai ya cike duk filin da aka ƙara. A 2011 wasu masana biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka bi alƙaluman biranen Amurka daga 1983 zuwa 2003, suka tarar kusan kunnen doki ake yi: birnin da ya ƙara manyan hanyoyinsa da kashi 10 cikin ɗari, tafiyar da motoci ke yi a kansu ita ma takan ƙaru da kusan kashi 10. A Houston an faɗaɗa hanyar Katy, aka gama a 2008, a wani wurin har layi 26 idan an haɗa da titunan gefe. Cikin 'yan shekaru lokacin tafiya na safe da yamma ya sake hawa.

Ɗalibi: Yaya Injiniya, a gafarce ni, amma ina ganin hujjar nan ba ta sauka daidai kan maganar Alhaji ba. Binciken da ka kawo yawancinsa a kan hanyoyin da ake hawa kyauta ne. Abin da ake samu kyauta kuwa ai dole a yi masa rububi. Hanyar biyan kuɗi daban ce, kuɗin ne ke tsare ta. A Stockholm ta ƙasar Suwidin, da aka gwada karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari a 2006, motocin da ke ketare iyakar sun ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, aka yi ƙuri'a, aka mayar da tsarin na dindindin a 2007. Singafo tun 1975 take yi, a 1998 ta mayar da shi na na'ura. To idan kuɗi na korar cunkoso, me zai sa hanyar tolget ta cika?

Alhaji: Allah ya yi maka albarka ɗana. Abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya: Ƙanena, ka yi tambaya mai kyau, kuma na yarda da kai a kan sabuwar hanyar: kuɗin yana tsare ta, ba za ta cika kamar ta kyauta ba. Amma duba da kyau abin da Stockholm da Singafo suka yi. Ba sabuwar hanya suka gina suka sa mata tolget ba. Hanyoyin da suka riga suka cushe suka sa wa kuɗi, kuma ba su bar wata ƙofar kyauta a gefe mai zuwa wuri ɗaya ba. A namu zancen kuwa hanya biyu ce kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da mai gadi, ɗaya a buɗe. Duk mutanen nan da na lissafa, mai fitar asuba da mai bin lungu, idan za su dawo wacce za su hau? Ta kyauta. Filin da masu biya suka bari, su za su cike shi. Da'awar Alhaji a kan tsohuwar hanya take, ba a kan sabuwa ba.

Hajiya Akanta: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren kuɗi, don a nan ne nake ganin ba a cika dubawa ba. Mu tambayi kanmu, me kamfanin tolget yake sayarwa? Ba kwalta ba ce, kwalta akwai ta kyauta a gefe. Mintunan da ke tsakanin hanyoyin biyu yake sayarwa. A ce tafiyar kilomita 40 ce. A sabuwa da gudun kilomita 100 a awa, minti 24 ka isa. A tsohuwa idan ana tafiyar kilomita 40 a awa, awa guda cur. Ratar minti 36 ke nan, kuma mutane da yawa za su biya don ita. To yanzu a ce burin Alhaji ya cika, tsohuwa ta yi sauƙi har ana gudun kilomita 80. Minti 30 ke nan. Wa zai ciro kuɗi daga aljihunsa saboda minti 6? 'Yan kaɗan. Sai masu biya su fara komawa tsohuwa, ta fara cushewa, ratar ta sake buɗewa, har a kai inda mutumin da ke tsakiya zai ga biya da rashin biya duk ɗaya ne a wurinsa. A nan abin ke tsayawa.

Ma'ana, matuƙar akwai masu biya, to tsohuwar hanya tana nan da jinkirin da ya kai darajar kuɗin tolget a idonsu. Duk ranar da kamfani ya ƙara farashi, wasu za su sauka su koma tsohuwa, sai wanda bai taɓa hawa sabuwar ba ma ya ga tafiyarsa ta ƙara tsawo. Farashin tolget ne ke yanke wa Malama lokacin da za ta isa makaranta, ko da ba ta taɓa biya ba.

Alhaji: Hajiya, wannan duk lissafin takarda ne. Gani ya kori ji. A je Dakar a tambaya. Kafin a buɗe hanyar biyan kuɗi daga Dakar zuwa Diamniadio a 2013, mutum kan yi kusan awa biyu kafin ya fita daga garin. Bankin Duniya, da yake cikin waɗanda suka sa kuɗi, ya ce tafiyar ta dawo ƙasa da rabin awa. Wannan ƙarya ne? Nairobi ma ta buɗe tata a 2022, kusan kilomita 27, ta bi ta filin jirgin sama. Me ya sa ƙasashe ke ta yi idan ba ta da amfani?

Injiniya: Ba ƙarya ba ne Alhaji, kuma Dakar misali ne mai ƙarfi. Gari ne da teku ya kewaye ta ɓangare uku, mafitarsa ta ƙasa siririya ce, miliyoyin mutane suna matsuwa a hanya ƙwaya ɗaya. Wurin da yake haka, ƙarin hanya ba abin jayayya ba ne. Ni ban ce kada a gina hanya ba, aikina ne ma. Sai dai a lura, rabin awar nan ta wanda ya hau sabuwar ce ya biya. Ita ce alƙaluman da ake sa wa a allon talla da jawabin buɗewa. Lokacin mai bin tsohuwa bayan shekara biyar, shi ne wanda ba a cika shelantawa ba, kuma shi muke gardama a kai.

Baba Direba: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma tun da an zo kan wanda ke hawa da wanda ba ya hawa, bari in faɗi namu na masu manyan motoci.

Idan na iso mararrabar da hanya ta rabu, ga allo, hagu tolget dama tsohuwa, abin da ke zuwa raina ba minti ba ne. Kuɗin hanya da mai mota ya ba ni a ƙididdige yake: na gas, na abinci, na yaran mota. Tirela ba kamar ƙaramar mota ake cajinta ba, yawan gatarinta, wato ƙarafan da ke riƙe tayoyi, ake dubawa, sai ka ga ninki uku ko huɗu ko fiye. Zuwa da dawowa. Idan na biya, daga ina zai fito? Mai kaya bai ƙara ko sisi ba don na iso da wuri. Sau da yawa ma in na iso da wuri layi zan tarar a wurin sauke kaya, in kwana a can. To gaggawar me zan saya? Sannan mota mai lodi ba ta gudun da ƙananan motoci ke yi. Wannan minti 24 da Hajiya ta lissafa ba nawa ba ne. Ni ko an share mini hanyar ni kaɗai, ba zan wuce abin da mota da doka suka yarda ba.

Kada a ce ban san amfaninta ba. Tsaya-tashi a cunkoso yana shan gas, yana cin kuloci da birki, ƙafar hagu har rawa take yi da yamma. Idan kayan masu lalacewa ne, ko mai kaya ya ce shi zai biya, da gudu zan hau. In ba haka ba dama nake karyawa, kuma idan ka duba madubi za ka ga 'yan uwana a jere a bayana.

Malama: Baba, wallahi abin da muke gani ke nan. Ƙananan motoci masu tsada sun koma sabuwa, mu an bar mu da tireloli da tankoki. Tsohuwar kuma ita ce ta ratsa cikin unguwanni, ita ce yara ke tsallakawa.

Baba Direba: 'Yata, ba son ranmu ba ne. Wa zai so ya ja tan talatin ta gaban makarantar yara?

Hajiya Akanta: Abin da Baba ya faɗa shi ne ya faru a Ingila. An buɗe M6 Toll a Disambar 2003, kilomita 43, don ta kewaye Birmingham ta ɗauke wa tsohuwar M6 nauyi. A lokacin buɗewa ƙaramar mota fam 2 ce, babbar mota fam 10. Masu manyan motoci suka ƙaurace mata, har kamfanin ya rage musu farashi a shekarar da ta biyo. Duk da haka, har yau yawancin manyan motocin tsohuwar suke bi, sabuwar tana da sarari, tsohuwar tana fama. Dalili kuwa yarjejeniyar ta sakar wa kamfanin mara ya sa farashin da ya ga dama har tsawon shekarun kwangilar, wadda sai 2054 za ta ƙare. Shi kuma kamfani farashin da zai fi kawo masa kuɗi zai sa, ba wanda zai fi kwashe motoci daga tsohuwa ba. Waɗannan farashi biyu ba ɗaya ba ne. Gara masa motoci kaɗan masu biya da tsada a kan motoci da yawa masu biya da araha.

Akwai ma wani dalilin da ya sa ba ya kwaɗayin tirela. Injiniya ya gyara mini in na kauce, amma ɓarnar da gatari ke yi wa kwalta ba daidai da nauyinsa take hawa ba.

Injiniya: Haka ne Hajiya. Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna idan nauyin gatari ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Don haka kowace tirela da ta zaɓi tsohuwar hanya, kuɗin gyara ne ya tashi daga wuyan kamfani ya koma wuyan gwamnati.

Alhaji: To duk na ji. Amma ku amsa mini wannan. A ce tsohuwa ta sake cika kamar yadda kuke faɗa. Da hanya ɗaya ce cike, yanzu hanya ɗaya cike da wata mai gudu. Mutanen da ke isa inda za su sun fi na da yawa ko ba su fi ba? Wannan da Injiniya ya ce yana fita da asuba yanzu yana barcinsa. Wanda ya haƙura da tafiya yanzu yana yi, wataƙila aiki ya samu a ɗaya gefen garin. Wannan ba riba ba ce? Kuna magana kamar ƙarin motocin annoba ce, alhali mutane ne da buƙatunsu.

Injiniya: Riba ce Alhaji, ba na musu. Mutum ya samu zuwa inda da ba ya iya zuwa, alheri ne. Amma ba ita aka yi wa jama'a alkawari ba. Babu wanda ke hawa mumbari ya ce "za mu gina hanya, cunkoson da kuke ciki zai dawo yadda yake, sai dai za ku fi yawa a cikinsa." Cewa ake za a kawo ƙarshen cunkoso. Da wannan alkawarin ake rushe gidaje, ake karɓar gonaki, ake sa hannu a kwangilar shekara talatin ko hamsin. Idan ribar ita ce ƙarin mutane su isa wurin aiki, sai a auna ta da sauran hanyoyin cimma hakan. Layi ɗaya na babbar hanya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar ƙananan motoci 2,000 a awa, kuma yawancinsu mutum ɗaya ko biyu ne a ciki. Layin nan idan aka ware shi ga manyan bas, mutanen da zai kwasa sun ninka haka sau da yawa.

Malama: Ni dai bari in yi wa sabuwar adalci ta fuska ɗaya, don ina hawanta wani lokaci. Ba saurinta ne ya fi burge ni ba, tabbacinta ne. A tsohuwa yau ka yi minti arba'in, gobe awa ɗaya da rabi saboda wata mota ta mutu a tsakiyar titi. Tun da ba ka san wacce rana za ka tarar ba, kullum sai ka fita kamar mummunar ranar ce. Ranar da nake da jarrabawar ɗalibai, ko zan kai mahaifiyata ganin likita, ina biya ba tare da na yi tunani sau biyu ba, don na san ƙarfe nawa zan isa. Wannan zaɓin yana da daraja ko ga wanda ba kullum yake iya biya ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wurin sauka. Ka taho a guje, iska na kaɗa ka, sai ka hango jajayen fitilun birki tun daga saman gada. Layi uku na sabuwa sun haɗu da na tsohuwa, duka suna neman shiga shataletale ɗaya da danja ɗaya. Wanda na wuce tun a farkon hanya, wanda bai biya komai ba, sai ga shi a gefena muna kallon juna ta gilashi. Rabin abin da na saya a nan yake zubewa.

Injiniya: Wannan ita ce cutar da ta fi yawa, Malama. Mazurari komai faɗin bakinsa, abin da ƙasansa ya bari ne ke wucewa. Layi uku za su iya sauke motoci kusan 6,000 a awa, titin cikin gari mai danja ba zai iya shanye rabin haka ba. Cunkoson bai mutu ba, an ɗauke shi ne daga tsakiyar tafiya an kai shi ƙarshenta. Kuma yawanci ikon kamfani a wurin saukar yake ƙarewa, abin da ya biyo baya na hukumar gari ne, wadda ba ta da kaso a kuɗin tolget. Shi ya sa duk wanda zai faɗa mini lokacin tafiya, nakan tambaye shi: daga tolget zuwa tolget, ko daga ƙofar gida zuwa ƙofar wurin aiki?

Shi kansa shingen karɓar kuɗin wani abin ne. Ma'aikaci mai karɓa da hannu yana ba da canji, abin da zai sallama a awa bai wuce mota ɗari uku zuwa huɗu ba. Kafin ka shanye layi ɗaya na hanya sai ka jera rumfuna biyar ko shida. Shi ya sa aka koma na'urar da ke karanta mota tana cikin gudu. Hanyar 407 ta Toronto a Kanada tun buɗe ta a 1997 ba ta da shingen tsayawa ko ɗaya.

Ɗalibi: Ita 407 ɗin ta rage cunkoson Toronto?

Hajiya Akanta: Ita kanta tana gudu. Amma tsohuwar hanyar kyauta mai lamba 401, wadda aka gina 407 don ta taimaka wa, har yau tana cikin hanyoyi mafi cunkoso a nahiyar. A 1999 gwamnatin Ontario ta ba da hayar 407 na shekara 99 a kan dalar Kanada biliyan 3.1, farashi ya yi ta hawa tun daga nan.

Sannan Alhaji, ina so in koma kan maganarka ta cewa gwamnati ba ta taɓa kuɗinta ba. Kamfanin da ya ci bashi ya gina hanya, babban abin tsoronsa shi ne tsohuwa ta gyaru. Don haka yakan nemi a rubuta masa kariya a kwangila. A California an buɗe layukan biyan kuɗi a tsakiyar hanya mai lamba 91 a 1995, da sharaɗin cewa gwamnati ba za ta faɗaɗa layukan kyauta da ke gefensu ba. Da cunkoso ya yi tsanani aka so a yi aiki, sai sharaɗin ya tare hanya. Ƙarshenta a 2003 hukumar sufurin yankin ta saye layukan a kan dala miliyan 207.5 don ta kuɓuta daga sharaɗin. A Sydney ta Ostireliya, da aka buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Cross City a 2005, har tsuke wasu titunan sama aka yi don a tura motoci cikinta. Jama'a suka fusata, motocin da suka shiga ba su kai ko rabin hasashe ba, kafin ƙarshen 2006 kamfanin ya durƙushe. A Madrid ta Sifen an gina hanyoyin biyan kuɗi a gefen na kyauta a farkon shekarun 2000, mutane suka ci gaba da bin na kyauta, kamfanonin suka karye, a 2018 gwamnati ta karɓe su. To wa ya biya a ƙarshe?

Alhaji: Wannan laifin masu rubuta kwangila ne Hajiya, ba laifin hanya ba. A rubuta mai kyau mana.

Hajiya Akanta: To ai mun zo wuri ɗaya ke nan, ranka ya daɗe. Da farko cewa ka yi duk garin da aka gina wa, kowa ya ci riba. Yanzu ka ce sai an rubuta kwangila mai kyau. Ni ma abin da nake cewa ke nan, sai dai ina ƙarawa da cewa mai kyau ga matafiyi da mai kyau ga mai jari suna jan igiya ne ta fuska biyu. A Singafo gwamnati ce ke sa farashi, kuma ma'auninta gudun motoci ne: tana so a manyan hanyoyi a riƙa tafiya tsakanin kilomita 45 zuwa 65 a awa. Gudu ya faɗi ƙasa da haka a ƙara kuɗi, ya wuce a rage. Kamfani mai bashin banki a wuya ba zai karɓi wannan ma'aunin ba sai an biya shi bambancin.

Alhaji: Ban janye ba fa. Har yanzu ina nan a kan cewa garin da ke da hanya biyu ya fi garin da ke da ɗaya. Sharaɗi kawai na ƙara.

Ɗalibi: Akwai kuma yardar jama'a, wadda ban ji an taɓo ba. A Afirka ta Kudu an kunna na'urorin karɓar kuɗi a manyan hanyoyin Gauteng, yankin Johannesburg da Pretoria, a Disambar 2013. Hanyoyin da mutane suka saba bi kyauta ne aka gyara aka sa musu kuɗi. Akasarin direbobi suka ƙi biya, aka yi ta ja-in-ja fiye da shekara goma, a Afrilun 2024 aka kashe na'urorin, bashin ya koma kan gwamnati. Ni abin da ke damuna, wanda ba shi da mota kwata-kwata fa? Shi ne mafi yawa a birane da dama. Bas ɗin da yake hawa tsohuwa take bi, don a can fasinja suke, kuma direba ba zai biya tolget ya ƙara wa kujera kuɗi ba. Shi me ya samu?

Injiniya: Idan ba a tsara da shi ba, babu. Amma a nan ne sabuwar hanya za ta iya yin aikin da ya fi na tolget. Lokacin da aka buɗe ta, tsohuwa takan samu sarari na ɗan lokaci, watannin nan da Malama ta ce suna hamdala. Wannan sararin ko dai a bar shi ƙananan motoci su cike, ko a kama shi tun da zafinsa: a ware layi ɗaya na bas, a faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙasa, a sa wuraren tsallakawa. Idan aka jira shekara biyu, babu sauran abin kamawa, kuma duk wanda ya zo ƙwace layi a lokacin sai ya sha faɗa da masu motoci. Bas masu dogon zango kuma a bar su su hau sabuwa kyauta ko da rangwame, a rubuta shi a kwangila tun kafin a fara zuba ƙasa.

Malama: Da tirelolin fa? Ba za a iya hana su tsohuwa da doka ba?

Baba Direba: Za a iya, 'yata, amma idan aka hana mu tsohuwa aka bar farashin sabuwa yadda yake, to an ɗaure mu ne an miƙa wa kamfani. Mai mota zai ƙara wa mai kaya, mai kaya ya ƙara wa mai saye, ke ce dai za ki biya a kasuwa. Wasu kuma za su nemo hanya ta uku ta ƙauyuka, wadda ba a gina ta don nauyinmu ba, su farfasa ta cikin damina ɗaya. Ni da za a tambaye ni, a sauke mana farashin dare sosai. Daga bayan isha'i zuwa asuba sabuwar hanyar nan kusan wayam take, fitilu kawai ke ci. A sa mana kuɗin da bai wuce gas ɗin da za mu tsira da shi ba, a yi mana wurin tsayawa mai tsaro da ruwa a bakinta. Ba sai an sa mana doka ba, da kanmu za mu sauya lokacin lodi.

Alhaji: Wannan kam ko ni mai kaya zan sa hannu, Baba, in dai kayan za su kwana a hanya mai tsaro. Hajiya, kamfanin zai yarda?

Hajiya Akanta: Zai duba abu biyu: kuɗin da tirelolin dare za su kawo, da kwaltar da za su ci. Idan na farko bai rufe na biyu ba, ba zai yarda don Allah ba, sai gwamnati ta cika masa. Ita kuma tana da inda za ta samo, domin duk tirelar da ta bar tsohuwa ta rage mata kuɗin gyara. Amma sai an yi wannan cinikin kafin sa hannu. Bayan sa hannu, duk canjin da aka nema kamfani ne ke faɗin farashinsa.